Wai dodo ne, aljani ne, ko haɗin kwamfuta? Fashin baƙi kan bidiyon halittun ƙasan teku da ke yawo a wayoyinmu

Tambayar da kusan kowa ke yi idan irin bidiyon nan ya faɗo masa a TikTok ko a guruf ɗin gida na WhatsApp ita ce, wai wannan abin da gaske ne kuwa? In kuma da gaske ne, to waye ya shiga can ƙasa ya ɗauko, da wace irin kyamara, kuma me za a yi da shi?

Za ku iya tuna baƙin kifin nan mai wangalelen baki da haƙora tsinin-tsinin kamar ƙaya, da wani ɗan sili a goshi, wanda aka ɗauka yana hawowa saman ruwa da rana tsaka. A ƙarshen watan Janairun 2025 ne, kusa da tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, masu binciken kifin shak ne suka yi kiciɓis da shi suna hanyar komawa. Bidiyon ya zaga duniya, a wajenmu kuwa sai aka dinga liƙa masa rubutu kala-kala, wannan ya ce dodon teku ya fito, wancan ya ce alamar tashin duniya ce, wani ya ce ai ƙirƙirarriyar basira ce kawai. To duk ba haka ba ne. Kifin gaske ne, mace ce ma, kuma tsawonta gaba ɗaya kimanin santimita 6 ne, wato ba ta kai ɗan yatsan babban mutum ba, a tafin hannu za ka ɗora ta. Ba ta daɗe ba ma ta mutu. Kyamara ce ta matso kusa da ita, kuma ba wani abu a gefe da za ka kwatanta girmanta da shi, shi ya sa ta cika fuskar waya kamar za ta haɗiye kwale-kwale.

Wannan ɗan misalin kaɗai ya isa ya nuna inda rashin fahimtar take, don haka bari mu bi abin daki-daki.

Me ake nufi da zurfin teku tukuna?

Masana suna fara ƙirga zurfin teku ne daga mita 200 zuwa ƙasa, domin daga nan hasken rana ya yi raunin da tsiro ba zai iya rayuwa da shi ba. Daga mita 200 zuwa 1,000 haske ne dishi-dishi kamar bayan magariba, daga 1,000 kuwa sai duhu kan duhu, irin wanda duk mai karatun Suratun Nur zai tuna da shi. Ga sanyi, ruwan yawanci tsakanin digiri 2 zuwa 4 yake, kamar cikin firij. Kuma wannan wurin ba wani ɗan lungu ba ne, shi ne ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na doron duniya.

Wuri mafi zurfi da aka sani yana kwazazzabon Mariana a tekun Pasifik, wajen mita 10,900 da ɗoriya. Da za a ciccibi tsaunin Everest mai mita 8,849 a jefa a ciki, sai ya nutse kuma a samu ragowar ruwan kilomita biyu a kansa.

Babbar matsalar ma ba duhun ba ne, nauyin ruwa ne. Duk mita 10 da ka sauka, dannin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a tudu. Idan ka kai can ƙarshe ya ninka sau dubu da wani abu, ka ɗauka an ɗora maka buhun siminti sama da 20 a kan farcen babban yatsanka, kuma haka a kowane gefe na jikinka lokaci guda. Ma'aikatan jiragen bincike suna da wata al'ada, su ɗauki farin kofin nan mara nauyi na shan shayi a yar, su yi masa zane da suna, su ɗaure a jikin na'urar da za ta nutsa, idan ta dawo sai a ga kofin ya tsuke ya koma kamar murfin kwalba, rubutun ma ya ƙanƙance amma ana iya karantawa. Wannan nauyin ne ya murƙushe jirgin Titan a watan Yunin 2023 yana kan hanyar zuwa ɓaraguzan Titanic a zurfin mita 3,800, mutum biyar suka rasu nan take.

To ta yaya ake ɗaukar bidiyon?

Yawancin abin da kuke gani ba mutum ne ya shiga ba. Na'ura ce ake kira ROV, girmanta kamar ƙaramar mota, an ɗaura mata fitilu da kyamarori da hannuwan ƙarfe guda biyu, sai a zura ta daga jirgin ruwa da doguwar igiya. Igiyar nan ita ce ranta, ta cikinta wutar lantarki ke sauka, ta cikinta hoto ke hawowa, don siginar rediyo ba ta ratsa ruwan gishiri, GPS ma ba ya aiki a can, da amon sauti ake gane inda na'urar take. Matuƙan suna zaune ne a wani ɗaki mai duhu a cikin jirgin, gabansu allunan talabijin jere, suna juya ta da ɗan sanda kamar masu buga gem, masana kuma na gefe suna cewa tsaya nan, matsa hagu kaɗan, zuƙo mana wancan. Kafin ta kai mita 4,000 ma sai an yi sama da awa biyu ana saukarwa kawai.

Akwai kuma ƙananan jiragen nutso masu ɗaukar mutane. Shahararre a cikinsu shi ne Alvin na Amurka da ke aiki tun 1964, mutum uku yake ɗauka a cikin wani ƙwallon ƙarfe matsattse. Tun a Janairun 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka kai ƙasan Mariana a jirgin Trieste, amma ba su samo hoton kirki ba saboda laka ta turnuƙe da suka sauka. Sai a Maris 2012 James Cameron, mai shirya fim ɗin Titanic, ya koma shi kaɗai da kyamarori, Chaina ma ta kai nata jirgin Fendouzhe a 2020.

Hanya ta uku ita ce mafi arha kuma ni ita ta fi burge ni. A haɗa firam na ƙarfe da kyamara da batir, a ɗaure masa mataccen kifi a gaba, a liƙa masa nauyi a sake shi ya nutse da kansa ba igiya. Ya zauna a ƙasa yana ɗauka, in lokaci ya yi a aika masa sautin umarni ya saki nauyin ya taso. Da irin wannan ne tawagar Alan Jamieson na jami'ar Yammacin Ostireliya da abokan aikinsu na Tokyo suka ɗauki kifi mafi zurfi da aka taɓa gani, a mita 8,336 kudu da Japan a 2022. Kuma kun san yadda yake? Ba haƙora ba komai, wani ɗan fari ne sumul mai laushi kamar talibambam, yana ta kaɗa jela abinsa.

Fitila ma kanta matsala ce. Ruwan can cike yake da ɓurɓushin matattun abubuwa da ke zubowa daga sama, in ka haska sai hasken ya dawo maka ido, daidai da wanda ya kunna babbar fitilar mota cikin hazon hunturu a hanyar Kano zuwa Katsina, gabansa fari fat amma ba ya ganin komai. Shi ya sa ake nesanta fitilun da kyamarar, kuma duk da haka 'yan mitoci kaɗan kawai ake gani. Ku ɗauka an ce ka san duk dajin Falgore, amma da dare, da tocila ɗaya a hannunka.

Me ya sa manyan suka daɗe ba a gan su ba?

Ga wani abin da mutane ba sa tunani. Na'urar ROV tana da ƙara, tana da haske mai kashe ido, a wurin da ba a taɓa sanin haske irin wannan ba. Duk dabbar da ke da ƙarfin gudu ai ta gudu tun kafin a iso, waɗanda ake samu su ne marasa sauri ko waɗanda suke a liƙe. Akwai ma binciken da aka buga a 1999 da ya nuna fitilun jiragen nutso sun lalata idanun wasu jatan lande a tsakiyar tekun Atlantika.

Labarin ƙaton sukwid shi ne misali. Sukwid wata dabba ce mara ƙashi mai hannuwa takwas da wasu dogaye guda biyu na kamu, ƙaton cikinsu yana haura mita 10, idonsa kamar faranti. An san da shi shekaru aru-aru saboda gawarsa da ruwa ke turowa gaɓa da ragowarsa a cikin tumbin kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa da rai a gidansa sai 2004, da wani masani ɗan Japan, Tsunemi Kubodera, ya samu hotunansa kusa da tsibiran Ogasawara. Bidiyo kuwa sai 2012. Wata masaniya 'yar Amurka, Edith Widder, ita ta kawo dabarar da ta yi aiki, ta ce a daina binsa da hayaniya. Ta haɗa kyamara mara inji mara ƙara, ta sa mata jan haske wanda yawancin halittun can ba sa iya gani, sannan ta rataya wani ƙwallo mai ƙyalƙyalin shuɗin haske da ke kwaikwayon wani jelifish, wata halitta mai taushin jiki da siffar lema, idan an kawo masa hari. Shi jelifish ɗin yana walƙiyar ne don ya jawo wani babba ya zo ya cinye mai cinsa, kamar dai mai ihun ɓarawo a unguwa. Sukwid ya ga walƙiya ya zata akwai abinci, ya taho da kansa har gaban kyamara.

Ɗan'uwansa da ya fi shi nauyi, wanda ke tekun kudu wajen Antaktika, an ba shi suna tun 1925, amma sai a ranar 9 ga Maris 2025 aka fara ɗaukarsa da rai a muhallinsa, shekara ɗari cif. Na'urar SuBastian ta cibiyar binciken teku ta Schmidt ce ta gan shi a mita 600 kusa da tsibiran Sandwich ta Kudu, shi ma ɗan jariri ne mai santimita 30, jikinsa garau kamar gilashi.

Me kyamara ke gani wanda koma ba ta gani?

Da can koma ake jefawa a ja a fito da abin da aka samu. Amma dabbar da jikinta kusan duk ruwa ne, in ka fizgo ta daga wurin sanyi da danni zuwa sama, ai ɗanyen kunu za ta koma. Kifin nan mai lallausar fuska da ƙaton hanci da aka taɓa zaɓa a 2013 wai ya fi kowace dabba muni, wallahi zaluntarsa aka yi, a zurfinsa kifi ne daidai kamar kowane kifi, fitowar ce ta narkar da shi.

Kyamara ce ta nuna cewa hasken jiki ba abin mamaki ba ne a can, shi ne ma yaren da ake yi. Cibiyar binciken teku ta MBARI da ke Kalifoniya ta bi bidiyonta na shekara 17, ta gano kusan uku cikin huɗu na halittun da ke yawo a ruwan yankin suna iya fitar da haske da kansu. Kyamara da jirgin Alvin ne kuma a 1977, kusa da tsibiran Galapagos a wajen mita 2,500, suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kewaye da dogayen tsutsotsi masu jan kai, ba baki ba ciki, suna rayuwa da ƙwayoyin bakteriya da ke sarrafa sinadarin da ke fitowa daga ƙasa. Kafin ranar kowa a makaranta an koya masa cewa duk abinci daga hasken rana yake farawa.

Amma labarin da ya fi tsaya min a rai na wata uwar oktofus ne, dabbar nan mai hannu takwas. A 2007 masu binciken MBARI suka gan ta a kwazazzabon Monterey da ke tekun Kalifoniya, zurfin kusan mita 1,400, ta nufi wani dutse. Da suka dawo bayan 'yan makonni sai suka tarar ta liƙa ƙwai a jikin dutsen ta rufe su da hannuwanta. Suna gane ta da wasu tabbai a jikinta. Suka dinga dawowa, sau 18 gaba ɗaya, kullum tana nan a wuri ɗaya ba ta gusa ba, launinta ya koɗe daga shanshanbale zuwa fari, fatarta ta saki, idanunta sun yi hazo, sun miƙa mata ɗan naman ƙaguwa da hannun na'ura ta ƙi karɓa, kuma ba su taɓa ganin tana cin komai ba. Wata 53 tana kwancin nan, kusan shekara huɗu da rabi. A ƙarshen 2011 da suka koma ba ta nan, sai fasassun ɓawon ƙwai wajen 160. Subhanallah. Ba komar da za ta iya kawo maka wannan labarin, sai ido da haƙuri.

Yaya za ka bambance na gaskiya da na haɗi?

Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, ƙarya ta yi arha. Amma tun kafinta ma ana yi, a 2012 wata tashar talabijin a Amurka ta yi shirin da aka shirya shi da 'yan wasa kamar labarin gaske a kan an gano mutanen ruwa masu jelar kifi, mutane suka ruɗe har sai da hukumar teku ta Amurka, NOAA, ta fito ta ce ba a taɓa samun wata shaida ta irin wannan halitta ba. Guntayen shirin nan har yau suna yawo a wayoyinmu da sunan an kama 'yar ruwa.

Ku riƙa duba wasu abubuwa. Bidiyon bincike na gaske sau da yawa za ka ga ɗigon haske guda biyu, ja ko kore, a tsakiyar hoton, lesa ce, tazarar da ke tsakaninsu yawanci santimita 10 ne, da ita ake auna girman abu. Za ka ga tambarin cibiyar, za a faɗi wurin da zurfin da ranar. Bayan dabbar duhu ne baƙi ƙirin, ga ɓurɓushi na shawagi. In ka ga an ce mita dubu biyar ne amma ruwan shuɗi tangaran hasken rana na ratsawa, ko ga mai nutso da tulun iska a bayansa yana shafa kan dabbar, to wuce kawai. Haka maganar dogon kifin nan mai kama da ɗamara da ake cewa in ya fito girgizar ƙasa na tafe, camfi ne na Japan, kuma masanan Japan ɗin da kansu sun bi bayanan shekaru a 2019 ba su ga alaƙa ba.

Ina rigimar take?

Nan ne abin ya wuce kallon nishaɗi. Wani bincike da Katy Croff Bell ta jagoranta, aka buga a Mayun 2025, ya tattara nutso kusan 44,000 da aka yi tun 1958, ya gano duk abin da idon ɗan'adam ko kyamararsa ya taɓa gani na ƙasan zurfin teku bai kai kashi 0.001 cikin 100 ba. In ka haɗe shi wuri ɗaya bai fi jihar Legas da wani abin kirki ba. Kuma kashi 65 cikin 100 na wannan ɗan abin duk a kusa da Amurka da Japan da New Zealand ne, ƙasashe biyar kacal ke da kashi 97 na nutson. Dalilin a fili yake, kuɗi, jirgin bincike yana lashe dubban daloli goma-goma a rana guda.

A daidai wannan lokacin kuma ana shirin fara haƙar ma'adinai a can. Tsakanin Hawai da Meziko akwai wani makeken fili a zurfin mita 4,000 ko fiye, shimfiɗe da wasu baƙaƙen duwatsu kamar dankalin turawa, cike da manganis da nikel da kobalt da tagulla, kayan batirin mota da na waya. Masu goyon baya, irin kamfanin The Metals Company da ƙasar Nauru, wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik, da ke mara masa, suna cewa duniya na buƙatar ƙarafan nan, kuma tsince su daga ƙasan teku ya fi sare dazukan Indonesiya ko ramukan kobalt na Kwango inda har yara ke aiki. Maganar tana da nauyi, ba za a ce ba. Masu adawa kuma, ciki har da ƙasashe sama da 30 da ke cewa a dakata, hujjarsu ita ce bidiyon nan. Duwatsun miliyoyin shekaru suke ɗauka kafin su girma, soson teku, wata dabba da ke liƙe wuri guda kamar tsiro, a kansu yake tsirowa, kuma kyamara ta nuna wani ɗan farin oktofus da ke liƙa ƙwansa a jikin karan soson. Ƙididdigar 2023 ta nuna nau'in halittu sama da 5,000 a yankin, kusan tara cikin goma ko suna ba a ba su ba. An yi gwajin haƙa a 1979, da aka koma da kyamara bayan shekara 44 sawun injin yana nan raɗau kamar jiya aka wuce.

Ni dai a ganina wanda zai ce ba wata ɓarna da za a yi, alhali bai ga ko kashi ɗaya cikin dubu na wurin ba, ya yi gaggawa. Hukumar da ke kula da ƙasan tekun ƙasa da ƙasa tana Kingston ta Jamaika, wani ɗan Ghana ma, Nii Allotey Odunton, ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2016, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan dokokin haƙar. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar dokar teku, a Afrilun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin hanzarta ba da lasisi ta ɓangarensu su kaɗai.

To mu ina ruwanmu?

Da ruwanmu mana. A dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, arzikin ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba gadon 'yan'adam ne baki ɗaya, har ƙasashen da ba su da gaɓa irin Nijar da Chadi suna da haƙƙi a ciki. In ba ka san me ke cikin gadon ba, ta ina za ka nemi kasonka?

Sannan ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, da intanet ta tsinke a Najeriya da Ghana da maƙwabta, manhajojin banki suka tsaya, masu POS suka yi zaman jiran tsammani. Wayoyin intanet guda huɗu ne suka katse a ƙasan teku daura da Kodebuwa. A 2020 ma zaftarewar laka daga bakin kogin Kwango ta yi gudun sama da kilomita 1,000 a ƙasan teku ta tsinka wayoyi biyu. Man Najeriya ma mai yawa daga zurfin teku yake fitowa, rijiyoyin Bonga da Agbami da Egina duk suna ƙarƙashin ruwan da ya kai mita dubu ko fiye, na'urorin ROV ke duba bututansu kullum, suna ganin halittun gaɓar tekunmu, amma bidiyon na kamfanoni ne ba na jama'a ba.

Abin da ya faru a Ajantina ya nuna yadda abin zai iya zama. A Yuli da Agustan 2025 masanan hukumar bincikensu ta CONICET suka hau jirgin Falkor (too) na cibiyar Schmidt suka shiga kwazazzabon Mar del Plata, zurfin ya kusa mita 3,900, ana haskawa kai tsaye a YouTube. Daidai lokacin gwamnatin shugaban ƙasar, Milei, na zaftare kuɗin bincike. Sai ga dubun-dubatar mutane suna kallo lokaci guda har tsakar dare, a gidaje da makarantu, suna raɗa wa halittun sunaye, wani tauraron teku mai launin lemo, dabbar nan mai siffar tauraro, ya zama ɗan gari, mutane suka fara tambayar me ya sa za a tsuke wa masu wannan aikin aljihu.

Kallon kyauta ne ga duk mai data, cibiyar Schmidt da NOAA da jirgin Nautilus duk suna haska nutsonsu kai tsaye idan suna kan aiki. Amma fa ku shirya haƙuri, nutso ɗaya yakan ɗauki awa takwas ko fiye, kuma mafi yawansa laka ce shimfiɗe da ɓurɓushi na sauka. Na taɓa zama kusan awa biyu ba abin da ya wuce sai kokwamban teku, wata dabba mai siffar kokwamba, yana jan ciki, can sai wani jan abu mai gashi-gashi ya gilma ta gefen hoton, matuƙin ya juya kyamara a hankali ya zuƙo shi, ɗakin ya yi tsit, sai na ji wata masaniya da ta shekara da shekaru tana wannan aikin tana tambayar na kusa da ita ko ya san mene ne wannan.